Livepatch na Ubuntu Pro: yana sayo maka lokaci, amma ba ya ɗauke maka aiki

Duk mai kula da saba ya san matsalar: facin kanel (gyaran tsaro ga zuciyar tsarin Linux) ya fito, amma ba zai fara aiki ba sai an kashe injin an sake kunnawa, ga kuma mutane suna kan aiki. Wannan ne gurbin da Livepatch na kamfanin Canonical ya zo cikewa, kuma a kan Ubuntu 22.04 LTS, saba da kwamfutar tebur, yana cike shi daidai gwargwado.

Saka shi babu wuya. Ubuntu Pro, rajistar Canonical da Livepatch ke cikinta, kyauta ne ga mai amfanin kansa har na'ura 5. Ka karɓi lambar shaidarka ta Ubuntu Pro, ka buga sudo pro attach tare da lambar, sannan sudo pro enable livepatch. Umarnin canonical-livepatch status zai nuna maka kanel ɗin da ke gudana da facin da aka ɗora masa. Ana sauya ɓangaren kanel da ke da ɓaraka ne a cikin RAM, injin bai tsaya ba, babu wanda zai ji ko motsi.

Inda mutane ke ruɗuwa shi ne iyakar Livepatch. Kanel kaɗai yake taɓawa, shi ma ɓarakar da aka sa a matakin mai tsanani ko mafi tsanani. Ɓarakar Dirty Pipe ta Maris 2022, mai lambar rajista CVE-2022-0847, a kanel take, irin gonarsa ke nan. Amma regreSSHion, CVE-2024-6387, da aka bayyana a Yulin 2024, a OpenSSH take, manhajar shiga saba daga nesa, kuma PwnKit a pkexec, umarnin gudanar da aiki da izinin wani mai amfani. Waɗannan aikin apt ne, mai girka manhajoji da sabunta su a Ubuntu. Saboda haka dole unattended-upgrades, mai sabunta manhajoji da kansa, ya kasance a kunne, ka kuma riƙa leƙa /var/log/unattended-upgrades/. A can za ka ga kunshin da ya tsallake saboda ka taɓa fayil ɗin saitinsa, yana jiran amsar da babu mai ba shi. Manhajar da ka ɗauko daga PPA (rumbun manhajoji na wani, ba na Ubuntu ba) ma ba zai kula ta ba sai ka ƙara tushenta a fayil ɗin 50unattended-upgrades. Abin da ke cikin kwantenar Docker (keɓaɓɓen akwatin gudanar da manhaja) kuwa, sai ka sake gina hoton da ake tayar da kwantenar daga gare shi da kanka.

Ko bayan an sabunta OpenSSL, laburaren ɓoye bayanai da manhajoji da yawa ke dogaro da shi, manhajar da ke gudana tana riƙe da tsohon laburare har sai an sake tayar da ita. Umarnin needrestart ne ke tona wannan.

Kada lambar siga ta tayar maka da hankali. Ubuntu na dawo da gyara cikin tsohuwar siga ne, shi ya sa OpenSSH a 22.04 ke nan a 8.9p1 ko bayan faci, wasu manhajojin bincike kuma su yi ta ihun banza. Buga pro fix da lambar CVE, zai gaya maka gaskiyar lamarin.

Babban abin da ban so ba: kanel guda ba ya samun faci har abada, bayan kimanin wata 13 sai ka hau sabo. Wasu gyare-gyaren ma ba sa ɗoruwa da injin a kunne. Ka ware ranar sake kunnawa, ka duba /var/run/reboot-required, ka kuma share tsofaffin kanel da apt autoremove kafin /boot ya cika sabuntawa ta maƙale a tsakiya.