Ma'aunin pH mai launin rawaya: yana nuna 6.0, latas na yana mutuwa da yunwa

Wannan ƙaramin ma'aunin pH ɗin, wato na auna tsamin ruwa, mai kama da alƙalami, wanda ya cika shagunan intanet, tauraro biyu na ba shi, na biyun ma albarkacin araha ne. Duk mai noman ruwa a Legas ya san shi kuma ya san kuɗinsa, don haka ba sai na tsaya bayani ba.

Ni latas nake yi a saman benenmu a Agege, cikin bututun roba da na huhhuda, ruwan taki yana zagayawa daga duro da ɗan ƙaramin famfo. Ba ƙasa ko kaɗan. A gonar ƙasa, ƙasar ce ke rufa maka asiri idan taki ya yi yawa ko ruwa ya yi tsami. A bututu kuwa abin da ka zuba shi saiwa za ta sha, kuma ba za ta iya zuƙar abincin da kyau ba sai pH yana tsakanin 5.5 da 6.5 (in lambar ta sauka tsami ya ƙaru, in ta hau ya ragu). Shi ya sa na sayi ma'aunin, don in daina aiki da ka.

Da ya iso na ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Ba nauyi, lambobinsa manya, ka tsoma shi cikin ruwa kafin ka ƙirga goma ya tsaya. Mai sayarwar ya rubuto mini cewa an riga an saita shi tun daga kamfani, in buɗe in fara aiki kawai. A kwalin ya kamata a samu ƙunshi uku na garin saiti, wanda ake narkarwa a samu ruwan da aka san pH ɗinsa, na 4.01 da 6.86 da 9.18, amma biyu na tarar, babu na 6.86, wanda da shi ake fara saitin. Takardar bayanin kuma rubutun ƙanana ne kamar ƙafar kiyashi, Turancin ma a karye. Murfin a bushe ƙayau, alhali ƙwan gilashin da ke bakin irin wannan ma'auni ba ya son bushewa.

Ga inda abin ya faru. Ma'aunin ya fara nuna mini ruwan duro yana 5.0, wani lokaci 4.9. Ban yi mamaki ba, don ruwan rijiyar burtsatsen gidanmu dama mai ɗan tsami ne, kuma maƙwabta masu kiwon tarwaɗa sun sha faɗin haka. To mai 5.0 me zai yi? Ya ɗaga. Na riƙa ɗiga ruwan ɗaga pH, wanda ake yi da potassium hydroxide, har sai allon ya nuna 6.0 cif. Washegari in ya ɗan sauka in ƙara. Hankalina kwance, ina ganin ni ne na fi kowa kula da shuka a unguwar.

Sai sabbin ganye na tsakiya suka fara fitowa ɗorawa-ɗorawa, jijiyoyinsu kore shar, tsakanin jijiyoyin kuma kamar an wanke da bilic. Tsofaffin ganye na waje lafiyarsu ƙalau. Girma ya tsaya. Na zargi taki, na zargi zafin rana, na zargi ɗauke wuta da ke tsayar da famfo, har na kira wanda nake sayen taki a wurinsa na yi masa magana mai zafi wadda bai cancanta ba. Na ƙara takin, ma'aunin gishirin ruwa, mai nuna yawan takin da ke ciki, ya haura, ganye sai ƙara fari suke yi. A gindin duron kuma wani farin laka ya kwanta. Ma'aunin nan kuwa kullum 6.0 yake nuna mini, ko gezau.

Ɗan yayata ne, da ya karanta aikin gona, ya hau sama shanya ya ga abin. Ya duba ganyen ya ce, “Kawu, wannan ai ƙarancin sinadarin ƙarfe ne. Nawa pH ɗinka?” Na ce shida. Ya ce, “Kawu, ka yi haƙuri, wannan ganyen bai ga shida ba.” Washegari ya zo da ɗan kwalbar nan ta ɗigo, wadda ake zuba ruwa a ƙaramin gilashi a ɗiga mata sau uku a duba launi. A 6.0 ruwan rawaya yake zama. Namu kore ya fito, koren da ya fara karkata zuwa shuɗi. Ya kuma zo da garin 6.86, muka narkar da shi cikin mililita 250 na tataccen ruwa kamar yadda aka rubuta a jikin ƙunshin, muka tsoma ma'aunin. Ya nuna 5.6. Wato duk lokacin da yake ce mini 6.0, ruwan ya haura 7.2, kuma ni da hannuna nake tura shi can bisa umarnin na'urar da aka ce mini an saita.

Wanda bai san lissafin ba, zai ce ai ɗaya da ɗigo biyu ne kawai. Ma'aunin pH ba haka yake tafiya ba: kowane mataki ɗaya ninki goma ne, don haka tazarar da ke tsakanin 6.0 da 7.2 ta wuce ninki goma sha biyar a ƙarfin tsamin ruwan. Da zarar an wuce 6.5, sinadarin ƙarfe da manganis sukan fara kuɓuce wa saiwa, musamman idan ƙarfen da ke cikin takinka nau'in EDTA ne, wanda ba ya jure pH mai sama. Nau'in DTPA ya fi shi juriya, EDDHA ya fi su duka, amma ya fi tsada kuma yana mayar da ruwa ja. Farin lakan da na gani a gindin duro kuwa kalsiyam ne da fosfet suka haɗu suka kwanta, abincin da na saya da kuɗina ya koma tabo. Shukar tana tsaye cikin abinci tana yunwa. Dalilin da ya sa sabbin ganye suka fara nunawa shi ne ƙarfe ba ya tashi daga tsohon ganye ya koma sabo, ba kamar magnesiyam ba, wanda ƙarancinsa a tsofaffin ganye yake fara bayyana. Yaron ya ƙara da cewa takin da yawancinsa naitiret ne, shuka na sha pH ɗin ruwa na hawa da kansa, don haka a duron latas abin da aka fi yi shi ne saukarwa, ba ɗagawa ba.

Mun zubar da rabin ruwan, muka wanke duro, muka saukar da sauran da asid ɗin fosforik da na samo a kasuwar sinadarai ta Ojota. A tsarma shi tukuna, asid ake zubawa cikin ruwa ba ruwa cikin asid ba, sannan a riƙa sa kaɗan da sirinji, a bar famfo ya zagaya, a sake gwadawa. Uwargida ta ce, “Maigida, ga lemon tsami a kicin, me ya kai ka Ojota?” Lemon tsami da binega suna saukarwa, amma kafin kwana ɗaya ko biyu ƙwayoyin halittar da ke cikin ruwa sun cinye su, pH ya koma inda yake. Sabbin ganyen da suka fito bayan gyaran kore ne, sai dai kawunan sun riga sun tsumbure. Wata Hajiya mai girkin biki a Ikeja da na yi wa alkawarin latas, dole ta tafi Mile 12 ta sayi na Jos. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, “Malam, Allah ya kiyaye gaba,” kuma har yau ba ta sake kira ba. Wannan ya fi asarar takin yi mini ciwo.

Na rubuta wa mai sayarwar, na tura masa hoton ma'aunin cikin ruwan 6.86 yana nuna 5.6. Amsarsa ita ce ba sa karɓar kayan da ya riga ya taɓa ruwa. Ma'aunin ruwa fa! Da na tambayi ƙunshin da ya ɓace, sai ya ce in sake saya, akwai rangwame.

A yi adalci dai, bayan mun jiƙa bakin ma'aunin cikin ruwan ajiya na potassium chloride ya kwana, muka saita shi da 6.86 sannan 4.01, ya dawo hanya. Ina gwada shi da ruwan ɗigo suna dacewa. Ashe na'urar ba matacciya ba ce, bushewa ce da rashin saiti. A lokacin har na ce zan ƙara masa tauraro ɗaya. Amma ba a yi nisa ba ya sake zamewa da kusan 0.3, kuma ba ya ba da wata alama in ya fara ƙarya, lambar nan dai yake nunawa da cikakken ƙarfin hali. Ga shi ba ya jure danshi, a garin da damina ke cika iska da ruwa: yayyafi ya same shi sau ɗaya allon ya yi hazo, wurin ƙananan baturan ya fara tsatsa. In ka haɗa kuɗin garin saiti da ruwan ajiya da tataccen ruwa da za ka riƙa saya, arahar ta tafi. Ruwan batir da ake sayarwa a bakin titi ma ban yarda da shi wajen saiti ba, don ba ka san abin da aka zuba a jarkar ba.

Yanzu kwalbar ɗigo ce alƙalina, shi kuma rawayan sai in ina son ganin lamba, kuma duk mako sai ya shiga ruwan 6.86 kafin ya shiga duro. Mai shirin saye ya buɗe kwalin a gaban ɗan aiken, ya ƙirga ƙunshin garin nan ya tabbatar uku ne, ya duba murfin, kuma duk wanda ya ce masa an saita daga kamfani kada ya saurare shi. Tauraro biyu, kuma ba zan sake sayen komai a wurin mutumin nan ba.