Sun soke jirgin dawowata tun kafin in tashi: sharhina kan kamfanin da hanyar da suka ba ni a madadi

Tikitin zuwa da dawowa na yanka, daga Turai zuwa Chaina, jirgin kai tsaye babu ya da zango, kuma na biya fiye da na sauran kamfanonin da gangan dan ni mutum ne da ba na son zaman filin jirgi. Saura kamar sati shida na tashi sai ga imel cikin dare, wai "an samu canji a tafiyarka". Na buɗe na ga jirgin zuwa yana nan, na dawowa kuma babu shi, kamfanin zai daina wannan hanyar gaba ɗaya kwanaki kaɗan bayan na sauka can. Sunan kamfanin ba zan faɗa ba, amma wallahi ranar raina ya ɓaci sosai.

Bari in fara da abin da ya fi ƙona min rai. Imel ɗin layi huɗu ne, babu dalili babu ban haƙuri na kirki, sai maɓalli biyu, ko ka karɓi sabuwar hanya ko a maido maka kuɗinka. Na danna na farko shafin ya ƙi buɗewa, na kira layinsu na zauna ina jin kiɗa fiye da minti arba'in, wadda ta ɗauka kuma baiwar Allah tana da kirki amma ita ma karanto min abin da ke gabanta kawai take yi. Na tambayi zancen diyya ta ce babu, kuma da na duba gaskiyarta ce, dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004 tana ba da diyya har Yuro 600 a doguwar tafiya, amma sai in ba a sanar da kai ba kafin kwana 14. In sun faɗa maka da wuri to haƙƙinka kawai a maida kuɗi ko a sama maka wani jirgin. Sun san dokar sarai, shi ya sa saƙon ya zo da wuri.

To ranar tafiya ce ta ɗan sauko da ni. Da muka shiga jirgin, ƙato ne mai hanya biyu a ciki, na waiga baya na ga layi layi na kujeru babu kowa, ni kaɗai a kujera uku har na miƙe ƙafa na yi barcina. Ɓangaren manya na gaba da muka ratsa ta ciki mutanen ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Nan ne kuma kuɗin yake, kujerun gaban nan su ke riƙe da doguwar hanya, mu na baya cikon benci ne, kuma tun bayan korona 'yan kasuwa da ma'aikatan kamfanoni da yawa sun koma yin taronsu ta bidiyo, a lokacin zuwa Chaina daga ƙasashen Yamma bai koma yadda yake a 2019 ba.

Sai taswirar da ke sikirin ɗin bayan kujera. Ni dama ina son kallonta fiye da fim. Maimakon jirgin ya miƙe ta saman Rasha da Saiberiya yadda aka saba shekara da shekaru, sai ya gangara kudu, ta Turkiyya, ta Jojiya da Azabaijan, ya tsallaka Tekun Kasfiyan, ya bi ta Kazakistan kafin ya shiga Chaina, layin ya lanƙwashe kamar lauje. Tun Fabrairun 2022 da yaƙin Yukiren ya ɓarke Turai ta hana jiragen Rasha sararinta, Rasha ma ta rama, shi kenan jiragen Turai suka koma zagaye. Kamfanonin Chaina kuwa ba a hana su ba, suna bi ta saman Rasha abinsu, sun fi sauri, sun fi ƙarancin shan mai, tikitinsu ya fi araha. To wa zai biya da tsada dan ya ƙara awa biyu a sama? Ni ne dai na biya, kuma ga shi mu nawa ne a ciki.

Awa biyun nan ba wasa ba ne a lissafinsu. Man jirgi kaɗai yana cin wajen kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye na kuɗin da kamfanin jirgi ke kashewa, in tafiya ta yi tsawo sai an ƙara matuƙi da ma'aikata saboda dokar hutu, man da aka ƙara yana rage kayan da za a ɗauka a ƙasan jirgi, sannan jirgin da ya kamata ya juyo ya yi wani aikin yana can sama. Finnair ta ƙasar Finland ma da ta gina kasuwancinta kan gajeriyar hanyar arewa zuwa Asiya ta saman Rasha, tafiyarta daga Helsinki zuwa Tokiyo ta tashi daga kamar awa 9 zuwa wajen 13. A 2024 kaɗai British Airways ta dakatar da zuwa Beijin, Virgin Atlantic ta bar Shanghai, Lufthansa ta janye jirginta na Farankfot zuwa Beijin, Qantas ta Ostireliya ma da ba ruwanta da sararin Rasha ta daina Sidni zuwa Shanghai dan babu fasinja. Jirgin da aka cire ba ajiye shi ake ba, ana tura shi inda kujerun gaba ke cika ne.

Zancen tsaro kuma ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Jirgin Maleshiya MH17 da aka harbo a gabashin Yukiren a Yulin 2014 mutum 298 ne a ciki, na Yukiren da aka harbo kusa da Tehran a Janairun 2020 mutum 176, babu wanda ya tsira. Bayan waɗannan babu kamfanin inshorar da zai yi wasa, haka ma'aikatan da za su kwana a garin da ake harba makamai. Ko lokacin da Nijar ta rufe sararinta a Agustan 2023 bayan juyin mulki, ga na Sudan a rufe, jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka sai da suka yi ta zagaye. Gara in daɗe a hanya in sauka lafiya.

Dawowar dai sun haɗa ni da wani kamfanin ta yankin Gulf, ya da zango na awa bakwai da tsakar dare, babu otal babu ko takardar cin abinci, kujerar da na biya kuɗi na zaɓa ta bi ruwa sai tsakiya aka ba ni tsakanin mutum biyu, kuɗin zaɓen kujerar ma sai da na rubuta musu sau uku kafin ya dawo. Jakata dai ta iso tare da ni, nan na yaba. Jirgi na biyun kuma cike yake maƙil, ashe duk nan fasinjojin suka koma.

In maki zan ba su, jirgin zuwa da ma'aikatan cikinsa huɗu cikin biyar, yadda suka sanar da ni da yadda suka bar ni da shafin da ba ya buɗewa ɗaya da ƙyar. Sun turo min takardar rangwame ta tafiya ta gaba, na duba jerin garuruwan da za a iya amfani da ita, garin da nake zuwa ba ya ciki.