Tuna kakanni a addinin Hindu: a gida ko a Gaya ta Indiya?

Ana yawan tambayata wanne ya fi dacewa da iyalin Hindu a Pitru Paksha, kwana 16 ɗin da suke keɓe wa magabata wajen watan Satumba: su yi Shraddha, wato hadayar abinci da ruwa ga mamatansu, a gida, ko su nufi garin Gaya a jihar Bihar ta Indiya?

Na gida ba ya cin kuɗi sosai. Babban ɗa zai mulmula dafaffiyar shinkafa da baƙin riɗi, dunƙulen da ake kira pinda, ya zuba ruwa yana ambaton uba, kaka da uban kaka. A ajiye wa hankaka rabonsa, ido na kansa har ya ci. Wannan jiran ya fi komai taɓa mini zuciya. Sai dai duk shekara ake maimaitawa.

Gaya kuwa sai da shiri: kuɗin jirgin ƙasa, masauki, ihsanin malaman ibada, ga cunkoso a bakin kogin Falgu da wurin bautar Vishnupad, wanda kan jigata tsofaffi. Amma mabiya Hindu sun yi imani hadayar can tana 'yanta ran mamaci.

Mai tsoho a gida ko ƙaramin ƙarfi, na gida ya ishe shi. Mai lafiya da guzuri, ya je Gaya ko da sau ɗaya ne.