Audugar ta gaske ce, amma ɗinkin gefen ya juya

Kayan nan masu arha na intanet sun daina arha, musamman tun da Amurka ta soke sassaucin harajin da take yi wa kayan da ba su kai dala 800 ba a 2025. Shi ya sa na gwada tishat uku daga wani kamfani da ke tallar audugar da aka noma ba tare da takin zamani ko feshin sinadari ba. Yanzu sun sha wanki shida, bakina ya buɗe.

Yadin kam ba laifi. Nauyinsa giram 180 a kowace murabba'in mita, ka ɗaga shi a haske ba ka ganin tafin hannunka ta baya, ba kamar masu giram 130 da iska ke ɗagawa ba. An bi bayan wuya da tef daga kafaɗa zuwa kafaɗa, don haka wuyan bai saki ba. Lambar GOTS (shaidar da ake bai wa kayan da aka yi da irin wannan audugar) da ke jikin tambarin na nema a rumbun bayanan masu ba da shaidar, tana nan. Sun kuma faɗi masana'antar da ta ɗinka, abin da ya kamata kowa ya riƙa tambaya tun bayan rushewar Rana Plaza, benen masana'antun ɗinki a Bangaladash, a 2013, inda sama da mutum 1,100 suka rasu.

Sai wankin farko. Ruwan sanyi, an juya cikin waje, an shanya a inuwa, duk yadda suka rubuta. Da suka bushe aka shimfiɗa, biyu daga ciki ɗinkin gefensu ya baro wurinsa. Daga hammata yana tafiya daidai, kafin ya kai ƙasa ya zagayo gaba da kusan santimita 4, na ɗaya gefen kuma ya koma baya. Idan ka sa, sai ka ga kamar wani ne ya kama gindin rigar ya murɗa. Tsawon ma ya ragu daga santimita 72 zuwa 68. Guga ba ta gyarawa: ka miƙar da shi yau, wanki na gaba ya koma.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yadin tishat saƙa ce ta zare guda, zaren kuma an murɗa shi gefe ɗaya, da ya ji ruwa sai ya nemi warwarewa, ya ja yadin ya karkata. Masana'antar da ta san aikinta tana sa yadin ya gama tsukewa ya zauna kafin a yanka, kuma mai yanka yana bin layin saƙar. In aka yi gaggawa, ko aka karkata yanka don a tsimi yadi, ga sakamakon. Tambarin yana gaya maka yadda aka noma audugar, da irin rinin, da halin da ma'aikata ke ciki. Ba ya tsayawa a kan mai almakashi.

Da farko na ce ɗaya mai kyau cikin uku, a yi haƙuri. Amsar da kamfanin ya aiko bayan na kai kuka ce ta ɓata min rai: wai haka zaren auduga yake, kuma ba sa karɓar kayan da aka wanke. To ta uku da ba ta juya ba, roba ce? Aibin da sai an wanke yake fitowa, ta yaya za a mayar kafin wanki?

Mai son saya ya ɗauki guda ɗaya tukuna. Kafin ya cire tambari ya shimfiɗa ta a tebur, ya dubi siraran layukan saƙar da ke gangarowa. In suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da ɗinkin gefe, to. In suna shiga cikinsa a karkace, ya mayar ranar, tun ba ta ga ruwa ba.