Karin maganar Turanci: hadda ko sauraro?

Mai shirin jarrabawar WAEC ko JAMB yakan bi hanyar hadda. Ya cika littafi da karin maganar Turanci, kowace da ma'anarta a gefe: "a piece of cake" abu mai sauƙi, "spill the beans" tona asiri. Hadda ba ta cin lokaci, kuma a zauren jarrabawa tana fitar da mutum kunya.

Sai dai littafin ba ya gaya maka inda ake faɗar magana. "Kick the bucket" mutuwa take nufi, amma cikin raha ake faɗarta. Wanda ya rubuta ta a saƙon ta'aziyya, tamkar ya shiga gidan makoki ne ya ce mamacin ya sheƙa barzahu.

Sauraro kuwa tafiyar hawainiya ce. Amma yaron da ke zama gidan kallon ƙwallo ya ji mai sharhi ya ce "park the bus", yana kallon 'yan wasa sun taru a baya suna tsare gida, ba ya neman ƙamus. Ni nan na fi karkata, in dai ba jarrabawa ce ta ƙarato ba.