Wane fim za ka kai gida? Shawara ga mai neman fim ɗin tuba da wahalar iyali a Yamai

Duk lokacin da hutun Kirsimeti ya matso, ko matasan majami'armu suka shirya kwanan addu'a, aikin nemo fim a kaina yake faɗawa. Shugabar zumuntar mata takan tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ka samo muna na gaskiya, wanda ya faru ga mutum, ba na ƙage ba." Na sha kawowa a yaba, na kuma sha kawowa in rasa inda zan sa kaina. Abin da ya zauna mini shi ne, kyan fim daban, dacewarsa da waɗanda za su zauna a kan tabarma daban. Kafin ka tambayi mai sayarwa wanne ya fi kyau, ka fara lissafa su wa za su kalla, da kuma irin mikin da ke cikin gidan.

Maganar harshe ce ta farko. Kusan duka fina-finan nan a Amurka aka yi su da Ingilishi. Mu kuwa wanda ya yi lakol Faransanci ya iya, tsofaffinmu kuma Hausa ko Zabarmanci. Kwafi iri biyu ke yawo: mai alamar VF, wanda aka sauya muryoyinsa zuwa Faransanci, da mai alamar VOSTFR, wanda aka bar muryar Ingilishi aka sa rubutun Faransanci a ƙasa. Na biyun na mai kallo shi kaɗai ne a wayarsa. A tsakar gida, inda kaka ba ta karatu, yara kuma ba su iya bin rubutu mai gudu ba, asarar kuɗi ce kawai. Ko VF ɗin ma sai da tafinta, ana tsayarwa yana juyawa da Hausa, shi ya sa fim ɗin awa biyu yakan ci uku.

Wanda aka fi nema shi ne I Can Only Imagine na 2018, wanda masu Faransanci suka sani da La Voix du pardon. Labarin Bart Millard ne, mawaƙin ƙungiyar MercyMe, wanda ya tashi a jihar Texas a hannun uba mai duka, uwa kuma ta bar gidan. Daga baya uban ya kamu da ciwon daji, ya tuba, ya nemi shiri da ɗansa kafin ya rasu. Dennis Quaid ne ya fito a uban, kuma shi ne ƙashin bayan fim ɗin. In ya ɗaure fuska a teburin abinci, ko ba tafinta kowa ya gane abin da ke faruwa. Ta wannan gefen ba shi da na biyu, fim ne da fuska ke magana fiye da baki.

Amma ina jan kunne a kansa. In ka san a cikin masu kallo akwai uban da ya saba da dorina, ga kuma ɗan da ya sha ta suna zaune wuri ɗaya, kada ka sa shi da niyyar a tashi an shirya. Na taɓa ganin an yi haka a wani gida. Fim na ƙarewa wata gwaggo ta juya ga saurayin ta ce, "To ka gani, ɗana, shi ya yafe, kai me kake jira?" Yaron ya miƙe ya fita, bai ce uffan ba. Gwaggon ta manta cewa a fim ɗin uban ne ya fara sauyawa, shi ya fara sunkuyar da kai. Sannan fim ya matse lokaci. Uban Bart ya rasu a 1991, ƙungiyar waƙar kuwa sai 1994 aka kafa ta, amma a allo za ka ga kamar daga yawon waƙa ya dawo ya tarar da sabon uba. A zahiri shirin nasu ya ɗauki shekarun jinya yana yaro ɗan sakandare, yana gani da idonsa mutumin na canzawa a hankali. Fim ne mai kyau ga taron iyaye maza su kaɗai, ko matasa su kaɗai tare da fasto.

Ga gida gaba ɗaya, daga kaka har jika, nawa zaɓin Unsung Hero ne na 2024. Wani mai shirya wasannin mawaƙa a Ostareliya, David Smallbone, ya tafka asarar da ta cinye masa gida da suna. A 1991 ya kwashi matarsa Helen da ciki, ga ƴaƴa shida, suka sauka Nashville a Amurka, aikin da aka yi masa alkawari kuma ya sha ruwa. Gidan haya babu gado babu kujera, yara suka shiga yankan ciyawa da sharar gidajen mutane don a ci abinci. Duk wanda ya fito daga Adar, inda kusan kowane gida yana da wanda ya tafi biɗa Abijan ko Libiya, ba sai an yi masa bayanin wannan ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne kunyar maigidan: ƴan'uwa a ikilisiya suna kawo taimako, shi kuwa kowace kyauta kamar mari take gare shi. Matar ce ta riƙe gidan, tana tara yara addu'a, suna rubuta buƙatunsu suna liƙawa a bango. Ɗaya daga cikin yaran, Joel, shi ya girma ya fito a matsayin mahaifin nasa. Babu zagi, babu abin da zai sa ka lalubi rimot don kunyar surukai. Aibinsa dai ƙarshen ya yi zaƙi da yawa, domin ƴaƴan sun zama shahararrun mawaƙa, alhali yawancin masu riƙe gida da addu'a ba nan labarinsu ke ƙarewa ba. Tafinta mai hankali zai faɗi wannan.

In kuwa damuwar gidan giya ce, ko maigida ya dawo daga fagen daga barci ya ƙaurace masa, ka nemi Unbroken: Path to Redemption na 2018. A nan mai saye yake yawan faɗawa rami, domin fim biyu ne masu kusan suna ɗaya. Na 2014, wanda Angelina Jolie ta shirya, da Faransanci Invincible, yana ba da labarin Louis Zamperini ɗan tseren da ya je gasar Olamfik ta Balin a 1936, jirginsu ya faɗa teku a yaƙin duniya na biyu, ya yi kwana 47 a kan ruwa, sannan ya sha azaba a hannun sojojin Japan. Wannan yana tsayawa ne da ƙarewar yaƙi, kuma dukan da ke cikinsa ya fi ƙarfin yara. Na 2018 shi ke ɗauka daga dawowarsa gida: mugun mafarki, kwalba, aure na neman mutuwa, har matarsa Cynthia ta ja shi taron wa'azin Billy Graham a Los Angeles a 1949. Jikan mai bisharar, Will Graham, shi ya fito a kakansa. Ta fuskar gwaninta bai kai na farkon ba, an ga ƙarancin kuɗi a jikinsa, amma gajere ne, bai cika awa ɗaya da minti arba'in ba, ya yi daidai da mai tafinta. Abin da nake ƙara wa masu kallo da baki shi ne, Zamperini ya koma Japan a 1950 ya gana da waɗanda suka tsare shi ya yafe musu, amma babban mai azabtar da shi, Watanabe, ko a 1998 da ya sake zuwa ƙin ganinsa ya yi.

The Case for Christ na 2017, wato Jésus, l'enquête, na ƴan jami'a ne da ma'aikata. Ɗan jaridar Chicago Tribune, Lee Strobel, matarsa Leslie ta ba da gaskiya, shi kuma ya tashi haiƙan ya ƙaryata tashin Almasihu daga matattu don ya dawo da ita, ƙarshe shi ma ya miƙa wuya a 1981. Rabinsa hira ce da masana, tafinta zai yi gumi, yara za su yi barci. Kuma da yake muna zaune da maƙwabta Musulmi, bango ɗaya, biki ɗaya, zaman makoki ɗaya, ni ba na sa shi a fili da lasifika. Na ɗaki ne, ga wanda ya nema da kansa.

Father Stu na 2022, labarin Stuart Long ɗan dambe da ya zama fada na Katolika a 2007, ciwon tsoka ya cinye shi ya rasu a 2014, fim ne mai ƙarfi, amma asalinsa cike yake da ashar. Akwai wanda aka tace mai suna Father Stu: Reborn. In ba shi ba ne, kada ka kai shi gaban Mama.

Saura yadda za ka same shi. Faifan asali da wani ya zo da shi daga waje ya fi tsabtar hoto, sai dai ka duba lambar yanki a bayan kwalin: na Amurka 1 ne, na Faransa 2, yankinmu 5, kuma ba kowace na'ura ke karanta duka ba. Masu tura fim a waya da kile (USB), irin na wajajen kasuwannin Katako da Wadata, sun fi sauƙin kuɗi, amma nan ne ake samun wanda aka ɗauka da kyamara a gidan sinima, ko wanda murya ke gaba hoto na baya, kuma ko sisi ba ya komawa ga masu aikin. Ko ina ka saya, ka sa a buɗe maka shi a gabanka, ka ji harshen, ka tsallaka tsakiya, ka tsallaka ƙarshe. Na taɓa kai wani fim gida, ya yanke ana saura minti goma, daidai inda uba zai buɗe baki ya nemi gafara. Har yau matasan suna yi mini tsiya da shi. Mai biyan kuɗin kallo ta intanet kuma ya sauke fim ɗin tun da rana ya caja kwamfuta, musamman a watan Afirilu da Mayu da kuran, wato wutar lantarki, ke yawan tafiya.

Bana dai na Smallbone na ajiye wa daren 25 ga Disamba, na Zamperini kuma ga taron maza na Janairu. Na Bart Millard yana cikin jakata, sai na zauna da fasto mun ga su wa za a gayyata.