SPM, FSL ko AFNI: wacce za ka ɗauka don kwatanta rukunoni a hoton ƙwaƙwalwa?

A ce ka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 20 masu ciwon sikila da na wasu 20 lafiyayyu da na'urar MRI, kana son gano inda suka bambanta. Kowane hoto ya kasu zuwa ƙananan ɗigo-ɗigo da ake kira voksel, sau da yawa fiye da dubu ɗari, kuma kowanne sai an yi masa nasa gwajin ƙididdiga. Wanda ya jefa ƙugiya sau dubu ɗari ba zai rasa jawo wani abu ba, ko da rafin babu kifi. Shi ya sa a 2009 Craig Bennett da abokan aikinsa suka saka mataccen kifin salmon a na'urar, suka nuna cewa idan ba a yi gyaran yawan gwaji ba, har a ƙwaƙwalwar gawa za a ga alamun aiki.

A cikin manhajojin kwamfuta ukun da ake wannan lissafi da su, SPM ce babbar yaya. Karl Friston ya soma ta a Landan a 1991, kuma ta fi sauƙi ga sabon shiga: ka zaɓi gwajin rukuni biyu, ka ƙara shekaru da jinsi, ka danna. Ita kyauta ce, sai dai a kan wani dandalin lissafi na kwamfuta mai suna MATLAB aka gina ta, shi kuwa lasisinsa da kuɗin waje ake biya. Akwai sigar da ke tashi ba tare da lasisin ba, amma tana taƙaita maka hannu.

AFNI ta Robert Cox ce, tun 1994, yanzu tana ƙarƙashin NIMH, cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta Amurka. Ba ta sakar wa baƙo fuska, kusan komai sai ka rubuta umarni. Amma idan bincikenka na da sarƙaƙiya, misali rukunoni uku da aka auna sau da dama kuma wasu ba su dawo ba, kayan aikinta mai suna 3dLME na warware abin da sauran ke wahala da shi.

Ni dai FSL ta Jami'ar Oxford nake ba da shawara, kuma dalilina ɗaya ne: randomise. Wannan ɗan kayan aiki yana hautsina sunayen rukunonin, ya mai da wasu masu ciwo lafiyayyu a bisa takarda, ya maimaita haka sau 5,000, sannan ya duba sau nawa irin bambancinka ke fitowa bisa dace kawai. Ba ya dogara da zato mai yawa game da siffar bayanan.

Muhimmancin haka ya fito fili a 2016. Anders Eklund da Thomas Nichols da Hans Knutsson sun ɗauki hotunan lafiyayyun mutane 499, suka yi ta raba su rukuni-rukuni barkatai, inda bai kamata a ga bambanci ba sai a kashi 5 cikin ɗari na gwaje-gwajen. Hanyoyin da aka saba bi wajen auna gungun voksel masu maƙwabtaka da juna a manhajojin uku sun ba da sakamakon ƙarya, a wasu yanayi har kashi 70. Gwajin hautsinawa kuwa ya tsaya kusa da inda ya dace. Saboda haka ko SPM ka riga ka saba da ita, ka ɗora mata SnPM, wadda ke yin wannan aikin.

FSL na da nata sharuɗɗan. Kyauta ce ga binciken ilimi, ban da kasuwanci. Linux ko Mac take so, mai Windows sai ya bi ta WSL, hanyar tafiyar da Linux a cikin Windows. Hautsinawar kuma na iya cin sa'o'i, don haka ka tanadi wuta mai ɗorewa kafin ka kunna.

Abu guda babu manhajar da za ta gyara maka shi: idan masu ciwon a wata na'ura aka ɗauke su, lafiyayyun a wata daban, ba za ka iya rarrabe bambancin mutane da na na'ura ba. Ka tsara tun kafin ɗaukar hoton farko yadda kowace na'ura za ta ga rukunonin biyu.